Bulama Ya Ce

'Ya'yana maza biyu suna da wata ɗabi'a da take ba ni haushi. In sun ci sun ƙoshi sai su haɗa kai a kan waya guda, su yi ta gardamar ƙasashen da ko a mafarki ba za su taka ba. Rannan ina tsince shinkafa a tsakar gidanmu na nan Haɗeja, suka samo hoton wata ƙasa mai nisa, inda jika ya gaji uba, uban kuma ya gaji kaka. Sojoji suna wucewa sahu-sahu, saurayin da aka ce shi ne mai ƙasar yana tsaye a sama yana ɗaga hannu, tsofaffin hafsoshi sun kewaye shi suna tafi. Babban ya ce ai yaron nan shi ne wuƙa shi ne nama. Ƙaramin ya ce ƙarya ne, tsofaffin nan ne suke juya shi. Suka ce in raba musu gardama, da tsokana suka faɗa, don a ganinsu tsohuwar malamar firamare ba ta san komai ba sai alli. Na ce ni ban san ƙasar ba, amma na san ƙauyenmu. Suka yi dariya suka koma kan wayarsu. Tunda ba su tsaya sun ji ba, bari in rubuta.

Ƙauyenmu yana can cikin fadama, sai ka wuce Guri ka sauka daga kwalta ka yi ta kutsawa. In damina ta yi nisa kogi ya tumbatsa, mun zama tsibiri ke nan, ba shiga ba fita sai da kwalekwale. Hukuma takan tuna da mu lokacin zaɓe da lokacin allurar rigakafi. Sauran shekara kuwa Bulama ne hukuma. Sarautar gidansu ce tun kaka da kakanni, ɗa ya gaji uba, ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Abin da ya sa ake tsoronsa ruwa ne. Kowace shekara ambaliya tana share iyakokin gonaki, ta cike wannan kwari ta haƙa wancan. In ruwa ya janye sai a taru a gindin tsamiyar ƙofar gidan Bulama, ya raba: wane ga inda za ka zuba shinkafa, wane ga inda za ka yi su. Wanda bai samu rabo ranar ba, shekararsa ta tafi.

Babana masunci ne, kuma yana da abin da duk masuncin yankin yake kwaɗayi. Wata 'yar ƙorama ce da muke kira mashiga, ta nan ruwan fadama yake komawa kogi in ya tashi janyewa. Duk kifin da ya yi kiwo a fadama damina guda, in zai koma gida ta nan zai bi. Kakan Baba ne ya fara tare ta. Kowace kaka Baba yakan kitsa dumba, wato shingen kara da ciyawa daga wannan gaɓa zuwa waccan, ya bar ƙofofi ya jera gura, tarkon kifin nan na saƙa, a bakinsu, kifi ya yi ta shiga ba fita. Tarwaɗa, karfasa, bargi, har sai kwalekwale ya nutse zuwa baki. Innata kuma ta yi ta banda. Hayaƙi ya kama gashinmu da tufafinmu, a makaranta ana ce mana masu ƙarnin kifi, ni kuwa in rama da duka. Da wannan ƙarnin aka kai ni har kwalejin horon malamai. Zaman rabo a wurin Baba ladabi ne kawai. A ce mashiga tana hannun mai ita, ya yi godiya, ya kai kamun farko gidan Bulama.

Tsohon Bulama, wanda na taso na tarar, mutum ne mai zafin zuciya da murya kamar ganga. Amma akwai al'ada. In ya zauna rabo ko shari'a sai ya ja amawali, wato ɓangaren rawanin nan da yake rufe baki, ya yi magana ƙasa-ƙasa, wani tsohon sanƙira ya kara kunne ya ji, sannan ya miƙe ya maimaita wa jama'a da ƙarfi. Haka mai kawo kuka ba ya yi wa Bulama magana kai tsaye, sai ya faɗa wa sanƙira, sanƙira ya isar. Wai babba ba ya ɗaga murya, ba a kuma ɗaga masa. Muna yara abin yana ba mu dariya, don duk mun san in ya shiga gida yana faɗa da matansa har bakin ruwa ana jin sa.

Bindigogi daga baya suka zo. An yi wasu shekaru da ɓarayin shanu suka addabe mu, ga masu tare hanya ranar kasuwa. Bulama ya tara maharban gari da samari majiya ƙarfi, ya ɗora Sarkin Baka a kansu, aka ce su ne 'yan sintiri. Mun yi murna, mu mata har guɗa muka yi ranar da suka fara zagaye gari da bindigogin toka. Ɓarayi suka gudu. Bindigogin ne ba su koma inda ake rataye su ba. Sai ga riguna masu ruwan ƙasa iri ɗaya, sai ga babura, sai ga igiya an ɗaura a jikin tsamiya ba a ƙara kwance ta ba. Wani bawan Allah ya wuce ƙofar Bulama bai sauka daga keke ba, aka ɗora masa keken a ka ya yini yana zagaya gari da tsakar rana, yara suna bin sa. Wani makiyayi ya shayar da shanunsa a inda aka hana, aka ɗaure shi a rana, aka ajiye ƙwaryar ruwa a inda yake gani amma hannunsa ba ya kaiwa. Muka daina ce musu 'yan sintiri, muka koma ce musu yaran Bulama.

Wanda bai san Sarkin Baka ba zai zaci wani ƙato ne mai jajayen idanu. Ɗan siririn mutum ne, mai sanyin murya, mai yawan gaisuwa har ka gaji. Ban taɓa ganinsa zaune a kan darduma ba, kullum a tsugune yake a ƙasa. In ya haɗu da Inna a hanya sai ya rusuna ya ce, "Yaya, ina gajiya, ina hayaƙi?" ya ciro goro ya ba ta. Da sanƙira ya rasu, shi ya ce a bar masa wahalar maimaita magana, don kada a ɗora wa wani nauyi. Kowa ya yaba da tawali'unsa.

Ana nan sai tsohon Bulama ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci bayan la'asar. Aka kawo shi asibiti nan Haɗeja, aka mai da shi gida ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, harshe ya mutu. Maza suna cewa yana samun sauƙi. Mu mata mun san gaskiya, don matansa sun faɗa a bakin rijiya cewa ko ruwa yake so sai dai ya yi gurnani. Amma da ruwa ya janye a shekarar, jama'a suka zo gindin tsamiya suka tarar an riga an fito da shi, an tokare shi da matasai, an naɗa masa rawani, amawali har kan hanci. Sarkin Baka ya matsa da gwiwa, ya kara kunne a jikin amawalin, ya gyaɗa kai, ya ce, "Na'am, ranka ya daɗe." Ya miƙe ya juyo ya ce, "Bulama ya ce." Na gaba-gaba suna ganin yadda miyau ya jiƙa ƙyallen ya yi duhu. Duk da haka da ya gama kowa ya amsa da ran Bulama ya daɗe, aka watse.

Sarkin Baka yana da wayo, wannan kam ba zan hana shi ba. Bai taɓa ɗaukar ko taƙi ɗaya ya ce nasa ne ba. Sai ya karɓe daga hannun mutum ɗaya ya raba wa uku. Ya karɓi na tsohon da ba shi da 'ya'ya maza, ya ba iyayen yaransa, ya ba ƙanen liman, ya ba mai shago. Kafin wasu 'yan shekaru rabin gari suna cin tuwo daga ƙasar da bebe ya ba su. Sannan aka zo kan Baba. Bulama ya ce mashiga ta yaran da suke tsaron gari ce, su ma suna da iyali.

Baba ya dawo gida ya ɗauko tsohon birgi, komar nan da ake jefawa, ya hau ɗinki. Inna tana kuka tana zagin duk wanda ya zo bakinta. Sai da ta gaji sannan ya ɗago ya ce mata, "Bebe ba ya ƙwace. Wannan ba maganar Bulama ba ce, aro suka yi. Mu jira yaronki."

Yaron Inna shi ne babban ɗan Bulama, magajin gidan. Wata ɗaya aka haife mu, mahaifiyarsa ta rasu a kan gwiwa, aka kawo wa Inna shi ta haɗa mu ta shayar. Ɗan'uwana ne na nono. A gidanmu ya yi rarrafe, a akushinmu ya ci, Baba ne ya koya masa tuƙa kwalekwale. Matsoraci ne tun yana yaro, in ya ga matsattsaku a ƙafarsa sai ya ƙwala ihu har sai na zo na cire masa, in kuma ƙara masa da ranƙwashi. Amma ba shi da mugunta ko ta ƙwayar gero. Da ya girma ya gudu daga harkar gidansu, ya tafi Malam Madori yana tsaron shagon magani. In ya zo gari, gidanmu yake fara sauka, ya tsuguna ya ce Baba, ya ce Inna.

Haka Baba ya zauna jira. Ya koma jefa birgi a gefen ciyawar kacalla, wadda ta cinye rabin ruwan yankin, ya yini ya kamo abin da bai cika ƙwarya ba. Murhun bandar Inna ya koma gasa kifin mutane. Amma duk kaka sai Baba ya yanko kara ya ɗaure dami-dami ya jingine a bayan ɗaki, wai ko da za a kira shi. Gara ta cinye, wata shekara ya yanko sabo. Babban kwalekwalensa kuwa, wanda ba shi da abin ɗauka yanzu, kullum yana toshe shi yana shafa masa kwalta. Kuma duk safiya sai ya tsaya ƙofar Bulama ya tambayi jikin mai gida. Na taɓa ce masa, "Baba, wannan dubiya ce ko leƙen ko an fara haƙa?" Ya jefe ni da takalmi, amma na ga yana danne dariya.

Tsohon Bulama ya daɗe bai tafi ba, sai ka ce da gayya. Da ya rasu aka je Malam Madori aka ɗauko ɗan'uwana, hakimi ya naɗa shi. Lokacin ina gida wankan haihuwar fari, babban nan nawa mai gardama yana jariri. A kwanakin da sabon Bulama yake ɓoye a ɗaki kamar yadda aka saba, Inna ta shiga wurinsa, don ba mai hana uwa. Ta ce ya kifa kai a gwiwarta ya yi kuka, ya ce shi ba ya son rawanin nan. Sannan ya ce, "Inna, na san komai. Ki ce wa Baba ya yanki kara." Inna ta shigo gida tana rangaɗa guɗa. Baba ya yi kamar bai damu ba, amma kafin azahar ya wasa lauje.

Ranar rabo da hantsi gari ya taru. Mu mata muna bayan zanan gidan da yake kallon tsamiya, kowa ta sami kafar da za ta sa ido. Ni ma na fito da goyo, duk da Inna ta ce mai jego ba ta shiga taro. Ɗan'uwana yana zaune a kan dardumar ubansa, rawanin ya yi masa yawa, amawali ya rufe shi har hanci. Yaran suna tsaye da bindigogi. Na lura a bayansa suka jeru, ba wanda ya tsaya tsakaninsa da jama'a. Sarkin Baka yana tsugune a gefe kamar kullum. Aka fara. Ya kara kunne, ya miƙe, Bulama ya ce, Bulama ya ce. Duk inda aka ambata yana hannun wanda yake riƙe da shi. Da aka zo kan mashiga ya kara kunne ya ɗan jima, ya miƙe ya ce, "Bulama ya ce mashiga tana hannun da take."

Baba ya matso gaba da gwiwa. Bai dubi Sarkin Baka ba, bai ce a isar masa ba. Ya dubi yaron da ya koya wa tuƙi ya ce, "Ranka ya daɗe. Mahaifinka Allah ya riƙe harshensa shekara da shekaru, mun gani mun yi shiru. Kai kuwa bakinka lafiyarsa ƙalau, na san shi tun ba haƙori a ciki. Sauke amawalin nan ka faɗa mini da kanka. Ko me ka ce na karɓa."

Baba a zatonsa maganar ƙoramarsa yake yi. Bai san abin da ya taɓo ba. Ya faɗa a bainar jama'a abin da kowa ya daɗe yana haɗiyewa, cewa tsohon bai yi magana ba tun ranar da ya faɗi. In kuwa haka ne, duk gonar da aka bayar a shekarun nan ta sata ce, kuma rabin mazan da suke tsugune a wurin a kanta suke ci. Ta kafar zana na ga wuyoyi suna sunkuyawa ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan'uwana ya ɗaga hannu ya ja amawalin ƙasa. Ya buɗe baki da muryarsa da na sani tun muna rarrafe, ya ce, "A mayar wa Baba mashigarsa. Tasa ce, ta ubansa ce." Bai yi ƙasa-ƙasa ba. Na ji, Inna ta ji har ta damƙe mini hannu, matan da suke bayanmu sun ji. Liman yana kusa da shi ƙwarai, in ya miƙa hannu zai taɓa shi.

Sarkin Baka ko fuska bai ɓata ba. Ya matsa da gwiwa yana murmushi, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kada iska ta taɓa ka." Ya sa yatsu biyu ya kama amawalin a hankali ya mayar da shi kan hanci, ya soke gefen a cikin rawani, ya ɗan daddanna, yadda uwa take gyara wa yaro hula ranar salla. Sannan ya kara kunne. A baya wani daga cikin yaran ya sauya wa bindigarsa kafaɗa, iyakar abin da ya yi ke nan. Sarkin Baka ya gyaɗa kai ya ce, "Na'am. Na'am, ranka ya daɗe." Ya miƙe ya juyo.

"Bulama ya ce wanda ya ci mutuncin mamaci a gaban ɗansa, a kwantar da shi. Bulama ya ce a fasa jirginsa. Bulama ya ce mashiga tana hannun da take."

Ina jira wani ya yi tari ko ya ce a'a. Muryar da ta fara fitowa ta maƙwabcinmu ce, mutumin da 'ya'yansa suka girma a kan kifin Inna, wanda aka ba wani kwari mai kyau a shekarun bebe. Ya ce, "Ran Bulama ya daɗe." Sai saura suka ɗauka gaba ɗaya.

Suka tuɓe wa Baba riga, dattijo da furfura a gemu, suka ɗaure shi da igiyar nan ta jikin tsamiya. Wanda ya ɗauki dorina yaro ne da Baba ya ba da kifin sunansa. Bai sassauta ba, don ana kallonsa. Baba bai yi kuka ba. Abin da ya fi dukan ci mini rai shi ne yadda yake ta juyo da kai wajen darduma bayan kowace bulala, yana jiran a sake magana. Idanun ɗan'uwana suna buɗe a saman ƙyallen, sun cika da ruwa, hannayensa suna kan gwiwa, bai motsa ba. Ni ce na kasa. Na ɗaga murya daga bayan zana na ce ƙarya ne, duk mun ji abin da ya ce. Mata suka rufe mini baki suka ja ni baya. Wata ta leƙa ta ce wa maza a yi haƙuri, mai jego ce, jini ne ya hau mata kai. Na ji wasu sun yi 'yar dariya, irin ta wanda aka sauke wa kaya.

Da aka kwance Baba aka tasa shi gaba zuwa bakin ruwa, jini yana bin ƙugun wandonsa. A hanya Sarkin Baka ya tsaya ƙofar gidanmu ya yi sallama, ya ce wa Inna cikin ladabi, "Yaya, ko za a ara mana gatari? Namu ya dakushe." Da gatarin Baba aka fasa jirgin Baba, yana tsaye yana kallo. Da suka gama aka wanke gatarin aka dawo mana da shi, har da godiya.

Da ruwan zafin da aka dafa don wankan jegona Inna ta riƙa gasa masa baya. Da ya fara iya takawa sai ya shiga bin gidaje. Ba faɗa yake zuwa yi ba, tambaya ɗaya ce a bakinsa: "Kai ma ka ji, ko?" Liman ya ce shi lokacin yana lazimi, hankalinsa ba ya wurin. Maƙwabcinmu ya ce shi a baya yake. Wani ya ce ai amawali yana toshe murya, Baba ya ce an sauke shi fa, mutumin ya ce to shi bai lura ba. Ba wanda ya ce masa ƙarya yake yi. Tausayinsa suke ji, su ba shi tabarma, su kawo masa ruwa, su yi masa sannu irin wadda ake yi wa mai taɓin hankali. Ba a jima ba yara suka ɗauka. In ya wuce sai su bi shi daga nesa suna cewa, "Baba, ka ji? Baba, ka ji?" Na kama ɗaya na yi masa dukan da uwarsa ta zo har gida, amma hakan bai hana saura ba.

Inna ta shirya ta tafi gidan Bulama. Yanzu akwai yara biyu da bindiga a zaure. Sarkin Baka ya taso da kansa ya tarbe ta, ya ce uwar Bulama guda ai ba a tsayar da ita, ya yi mata jagora har ɗaki, ya tsuguna a bakin ƙofa bai fita ba. Inna ta ce, "Ɗana, ni ce. Me ka ce ranar nan?" Ɗan'uwana ya dubi tabarma. Sannan ya ce, "Inna, abin da aka ce na ce, shi na ce." Ta gaya mini ta ɗora hannu a ƙirji za ta yi masa baki da nonon da ya sha, sai ta ga yadda wuyansa ya rame, idanu sun faɗa, ta kasa. Sarkin Baka ya rako ta har waje ya ba ta goro. Ta jefa shi a kududdufi.

Na daɗe ina juya abin nan a raina. Da farko Sarkin Baka kaɗai na tsana, na ce shi ne mai garin. To amma me ya sa yake tsugunawa? Don ya san in ya hau dardumar da kansa, ɗan fashi ne mai bindiga, hakimi zai ji, hukuma za ta zo. Yana buƙatar wanda aka haifa a gidan ya zauna masa, mai rai ko rabin gawa, duk ɗaya ne a wurinsa. Na tsani ɗan'uwana ma, na daina gaishe shi har yau, ko da yake na san da ya sake jan ƙyallen nan da wataƙila an wayi gari an ce zazzaɓi ya ɗauke shi, a naɗa ƙanensa. Amma waɗanda har gobe in na tuna su suka fi ci mini rai su ne masu amsawa. Ba a ɗora wa kowa bindiga a ka ba. Kowa ya tuna kwarin shinkafarsa, ya ga gara a yi ta yi a haka.

Na roƙi Baba ya biyo ni Haɗeja. Na ce mu kai ƙara. Ya ce wa zai yi shaida, ke da kike bayan zana? Na ce to ya zo ya zauna kawai, mijina ba zai ƙi ba. Ya ce, "In zo in yi su a kwata?" Ya ƙi. Shekarar nan sun sha wuya. Ba jirgi, ba mashiga, bayan kuma bai warke daidai ba. Abin da nake aikawa ba ya isa, kuma mutane sun rage kawo wa Inna banda, don kada a gan su a gidan.

Da ruwa ya sake janyewa na je gida. Ranar rabo na ga Baba ya sa wankakkiyar riga ya fita, na bi shi na tsaya a bayan zanan nan. Ya jira aka gama da kowa. Sannan ya matso, ya tsuguna a gaban Sarkin Baka, ya ce, "Sarkin Baka, a isar mini. A ce tsoho ya tuba, yana neman inda zai sa hannu." Ko sau ɗaya bai ɗaga ido wajen darduma ba. Sarkin Baka ya kara kunne a amawali, ya gyaɗa kai, ya miƙe.

"Bulama ya ce ya yafe. Bulama ya ce yaran nan ba su iya kitsa dumba ba, kifi yana zurare musu. Tsoho ya je ya kitsa musu, a riƙa ba shi na miya."

Baba ya kai goshi ƙasa ya ce godiya yake. Jama'a suka yi ta yaba adalcin Bulama.

Na riga shi isa gida. Na same shi daga baya a bayan ɗaki yana ɗaure damin kara, wanda ya yanka da hannunsa. Raina yana tafasa na ce, "Baba, ni fa na ji. Da kunnena na ji ya ce a mayar maka, tasa ce, ta ubansa ce."

Bai ɗago ba, ya ci gaba da jan igiya. Ya ce, "Ke kina bayan zana. Ni da nake gabansa ban ji ba. Tsufa ne, kunne ya fara yi mini ƙarya, na je na ɗauki alhakin mutane." Ya ƙulle igiyar ya ce, "Kada ki ƙara faɗa, ko a gidan mijinki. Zo ki kama mini."

Na kama masa damin ya ɗora a ka, don tun ranar tsamiya bayansa ba ya ɗaukar kaya. Ya gyara tsayuwa, ya fita ta ƙofar baya ya nufi mashiga.